MOTAR BA'INDIYE A TUDUN WADA: ABIN DA FIM BA YA NUNA MANA

  

Duk wadda ta taɓa kallon fim ɗin Indiya, ko na da ko fassarar Algaita ta yanzu, ta san yadda jarumi yake shigowa makaranta. Sai ki ga ya taho a guje cikin wata jar mota buɗaɗɗiya, ya taka birki ƙiiii, ya zare baƙin tabarau, ita kuwa jaruma littattafan hannunta su zube ƙasa don tsabar ruɗewa. Amma don Allah wacece a cikinku ta taɓa ganin an nuna jarumin nan a layin gidan mai? Ko an nuna shi tsugune gaban bakanike yana roƙon a rage masa kuɗin aiki? Shi ya sa da yawanmu muka tashi da zaton kowane Ba'indiye da makullin mota a hannu aka haife shi.

To ni dai Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da Indiyawa, katanga ɗaya ta raba mu, a nan Tudun Wada ba nisa da Nasarawa ta masu hannu da shuni, daga 2021 zuwa ƙarshen 2024. A kan idona suka sayi motarsu ta farko a ƙasar nan, a kan idona suka yi ta ɗawainiya da ita, a kan idona kuma suka sayar. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, don haka ku gyara zama.

BA YAU SUKA FARA ZUWA BA

Alaƙar Kano da Indiya tsohuwa ce. Tun a shekarun 1950 Kwarori masu gidajen sinima suka fara shigo mana da finafinansu, iyayenmu maza suka yi ta kallo a su Palace da Plaza da Marhaba. Kafin wannan ma 'yan kasuwarsu sun riga sun kafu, domin kuwa kamfanin Chellarams tun 1923 yake ciniki a Nijeriya. A shekarun 1970 da kuɗin man fetur suka shigo aka buɗe makarantu barkatai, sai gwamnatocin jihohin Arewa suka ɗebo malaman lissafi da na kimiyya da likitoci daga can. Hatta jirgin ƙasanmu Indiyawa aka damƙa wa tafiyar da shi daga 1979 zuwa 1982.

Abbanmu yana yawan ba mu labarin malaminsu na lissafi a sakandare, Ba'indiye, wanda ya zo da akwati ɗaya tal, amma kafin shekara ta zagayo ya karɓi bashin mota na gwamnati ya fito da Fijo 504 sabuwa dal a leda, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Wannan zamani ya wuce. Daga 1986 da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu darajar naira ta fara zubewa, malaman nan suka tattara suka koma, mu kuma sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma wa 'yan Kwatano da ake kira Beljiyam ko tokumbo.

Indiyawan da ke zuwa Kano a yanzu yawancinsu ma'aikatan masana'antu ne, a Bompai da Sharaɗa da Challawa, wajen yin robobi da leda da takalma da casar shinkafa. Manyansu kamfani ke ba su gida da mota da direba. Ƙananan kuwa, irin su akanta da injiniya da suka zo kwantiragin shekara biyu ko uku, bas ɗaya ce take kwashe su da safe ta dawo da su da yamma. Maƙwabcinmu a cikin ƙananan yake, akanta ne daga jihar Gujarat. Mu Oga muke ce masa, matarsa kuwa Anti. Ita ma ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, sai dai ta ce "su", ashe irin kunyar nan tamu ta ɓoye sunan miji su ma suna da ita.

YADDA MOTA TAKE A ƘASARSU

Anti ce ta warware mini zare da abawa wata rana muna tsinke alayyahu. Ta ce, "Ƙanwata, motar da kike gani a fim ta fim ce. A gidanmu mu shida ne, babur ɗaya gare mu."

Ta ce a zamanin kakanninta ƙananan motocin da ake gani a titinsu kusan iri biyu ne kacal, Ambassador wadda aka fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1950 aka daina a 2014, da wata ƙarama mai suna Padmini. Ko kina da kuɗinki a hannu sai kin rubuta suna kin jira shekaru kafin layi ya zo kanki, har babur ɗin Bajaj ma haka ake jiransa. Sai a Disambar 1983 da aka fito da 'yar ƙaramar Maruti 800 tare da haɗin gwiwar kamfanin Suzuki na Japan, sannan ma'aikaci ya fara sa ran mallakar mota. Yanzu kam sun yi nisa, don a 2022 Indiya ta wuce Japan ta zama ta uku a duniya wajen yawan motocin da ake saye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun aure. Mu nan namiji ke kawo sadaki da lefe, iyayen mace su yi kayan ɗaki da gara. A wurare da yawa can kuwa dangin ango ne ke yanka wa uban amarya abin da zai bayar, kuma babur ko mota na cikin abin da ake nema. Gwamnatinsu ta haramta wannan al'ada tun 1961, amma ba ta mutu ba, an sha wulaƙanta amare a kanta. Anti ta ce abin da ya sa take ganin girman mijinta ke nan, don ranar da wani kawunsa ya kawo zancen mota a wajen neman aurenta, shi da kansa ya ce a bar maganar, in Allah ya hore masa zai saya da guminsa. Kun ji soyayyar da ba a rera wa waƙa.

ABIN DA YA TILASTA MUSU

Shekararsa ta farko Oga bai damu da mota ba. Bas ta kai shi ta dawo da shi, in zai shiga gari ya tare adaidaita sahu. Har dariya yake yi ya ce a cikin adaidaita ne kaɗai yake jin kamar yana gida, tunda yawancinsu ƙirar ƙasarsu ne, na Bajaj da na TVS. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013 su suka zama ƙafar talaka.

Da Anti ta iso a farkon 2022 sai lissafi ya fara canjawa. Su ba sa cin nama ko kifi, abincinsu ganye ne da wake da dankali da gauta, don haka duk bayan kwana biyu sai an je kasuwar 'Yankaba. Ba a jima ba kuma ta samu juna biyu. Ana cikin haka, a watan Yulin 2022 gwamnatin Kano ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ranar da ta ji wannan labari ta shigo gidanmu idonta ya yi ja, ta durƙusa gaban Umma ta ce, "Mama, in naƙuda ta zo mini da tsakar dare fa? Ba uwa, ba dangi, ba mota."

Umma ta dafa ta ta ce, "Haba 'yar nan, mu ɗin nan da kike gani mene ne amfaninmu?" Duk da haka hankalin mijin bai kwanta ba. Kuɗin da yake tarawa don gyara wa mahaifiyarsa rufin ɗaki a can gida, su ya yanke shawarar taɓawa.

Abu na farko da ya ɗaure masa kai, a ƙasarsu banki ne ke biya maka kuɗin mota kana biya wata-wata har shekara biyar ko fiye, sabuwa fil daga kanti. A nan kuwa aka ce masa kuɗi hannu, kuma motar da wani ya gama yayinta a Amurka ko Turai ita ce sabuwarmu.

DA ƊAN GARI KAN CI GARI

Wata Lahadi ya shirya shi kaɗai ya tafi ɗaya daga cikin wuraren nan da ake jera motoci a bakin titi. Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Suna hango farar fata 'yan kamasho suka yi masa caa, wannan ya ce "Masta", wancan ya ce "Oga zo ka ga mai kyau". Wani dillali mai zaƙin baki ya ja shi gaban wata baƙar mota mai sheƙi kamar madubi, ya kunna masa sanyi, ya kunna masa kiɗan Indiya, ya rantse masa wata tsohuwa ce ta hau ta a Amurka, daga gida sai coci. Tambaya ɗaya Oga ya yi, irin wadda kowane Ba'indiye ke yi, wato kilomita nawa take yi a lita ɗaya. Aka faɗa masa abin da yake so ya ji, nan take ya ajiye kafin alƙalami.

Allah ya taimake shi, da daddare ya nuna wa Abba hotonta a waya. Abba ya ce, "Ba a cinikin biri a sama. Gobe ka tafi da ƙanin maiɗakina." Kawun nan nawa bakanike ne, ya fi shekara ashirin yana kwance inji. Ni ma na roƙa aka tafi da ni don in riƙa yi musu tafinta, Turancin Kawu na gareji ne, Hausar Oga kuma ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba.

Ku saurara da kyau 'yan uwa, domin abin da na gani a ranar zai yi wa kowacce amfani, ko don gidan mijinta nan gaba. Kawu ko kallon fenti bai yi ba. Ya fara ɗora tafin hannu a kan inji, ya ce da ɗumi, an riga an tashe ta kafin mu zo, alhali a sanyin safiya ake gane lafiyar inji. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa, ya ce in kin ga fari-fari kamar madara to ruwa na haɗuwa da mai. Ya sa aka taka totur ya koma baya yana kallon hayaƙin salansa, ya ce shuɗin hayaƙi alamar inji na shan baƙin mai ne. Ya zaro wani ɗan mayen ƙarfe daga aljihu yana manna shi a jikin ƙofofi, inda ya ƙi kamawa ya ce nan an taɓa bugewa an cike da ƙwaɓi an fesa fenti. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa ko tukunyar tace hayaƙin nan da suke kira indomi tana nan, don ana yawan cire ta a sayar saboda tsadarta.

Daga nan ya buɗe but ya ɗaga safayar taya. Sai ga busasshen taɓo a ƙasan ramin. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasan kujera, wani warin ruma ya bugo mu, ƙarafan kujerun duk sun yi tsatsa. Ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, "Faɗa masa wannan motar ta sha ruwa. Ambaliya ta cinye ta a can, inshora ta biya mai ita, aka yi gwanjonta aka turo mana. Wata uku ba za ta yi ba wayoyinta za su fara hauka."

Tirƙashi! Oga ya yi zuru-zuru. Ga wani ƙarin, lambar tafiyar da ya gani a agogon motar ya ɗauka kilomita ce kamar a ƙasarsu, ashe motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa ya kai kilomita 1.6. Ban da haka ma akwai masu mayar da agogon baya. Kawu ya nuna masa yadda robar birki da fatar sitiyari suka cinye, ya ce waɗannan ba sa ƙarya. Aka kai ruwa rana kafin dillalin ya dawo da rabin kafin alƙalamin, sauran kuwa sai dai haƙuri.

Sati biyu suna yawo shi da Kawu, daga titin Haɗeja zuwa titin Zariya, kafin suka dace da wata Toyota Corolla mai ruwan toka, ba kyan gani can, amma injinta kamar agogo. Aka duba lambar jikinta mai harufa da alƙaluma 17 a intanet, tarihinta ya fito ba ambaliya ba mummunan haɗari. Oga ya so wata mai arha a gefenta, Kawu ya ce masa araha ba ta ado, kuma wannan ko a ƙauye ta tsaya maka za ka sami mai gyara, kayanta kuwa ga su nan jibge a Ƙofar Ruwa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

TAKARDU SUN FI TAYA MUHIMMANCI

Biyan kuɗi ba shi ne ƙarshen magana ba. Abu na farko da Abba ya ce a tabbatar shi ne takardar kwastan, shaidar an biya kuɗin fito. Tun daga 1 ga Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa aka ƙara sa ido, kuma motar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya ko hannu nawa ta canja ana iya kama ta a wajen wanda aka same ta. Na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo. Sai takardar ciniki mai sa hannun shaidu, da shaidar mallaka, da lasin mota, da takardar lafiyar mota daga jami'an VIO, da inshora. Ƙaramar inshorar da doka ta wajabta naira 5,000 ce lokacin da ya saya, daga Janairun 2023 ta koma 15,000. Lambar da aka ba shi mai NSR ce ta ƙaramar hukumar Nasarawa, da shuɗin rubutu, don ja na motocin haya ne, kore kuma na gwamnati.

Shi kansa sai da ya nemi lasin tuƙi na Nijeriya, ya haɗa da katinsa na izinin zama a ƙasa. Wani ya zo har gida ya ce ya kawo kuɗi da hoto kawai, gobe a kawo masa lasin har ɗaki. Abba ya hana. Ya ce lasin gaskiya sai ka bi ta makarantar koyon tuƙi, an gwada ka, ka je da ƙafarka ofishin hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, an ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Ɗan gari in an kama shi da na jabu ya sha wuya, ina ga baƙo mai zaman kwantiragi?

Duk takardun nan Oga ya yi musu hoto kashi uku, na asali a ɗaki, kwafi a mota, kwafi a ofis. Ya yi dabara kuwa, don a hanya akwai masu ganin fatarsa su ɗauka buhun kuɗi ne ke tafiya. Sau da yawa an tsayar da shi a nemi abin kashe gobara, a nemi alamar nan mai kusurwa uku, a nemi safayar taya, shi kuwa ya fito da su ɗaya bayan ɗaya yana murmushi har mai tambaya ya gaji ya ce ya wuce.

HANNUN DAMA, HANNUN HAGU

Ga inda dariya take. Indiya har yau a hannun hagu suke tuƙi irin na Ingila, sitiyarinsu a dama. Mu ma da haka muke, sai ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma hannun dama don ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Dahomey, wato Binin ta yanzu. Saboda haka ranar farko Oga ya zo da makulli cikin isa ya buɗe ƙofar fasinja ya zauna yana laluben sitiyari, yaran layi suka fashe da dariya. In zai sa sigina sai abin goge gilashi ya tashi. A shataletale kuwa sai da Yayana ya zauna kusa da shi sati guda yana ce masa "dama, Oga, dama!" don hannunsa ya saba zagayawa ta ɗaya ɓangaren.

Abu ɗaya ne bai ba shi wuya ba, cunkoso da hon. Ya ce wanda ya yi tuƙi a Ahmedabad tsakanin babura da shanu ba ya tsoron 'yan adaidaitan Kano. Amma ya koyi tsayawa cak a danja, ya kuma koyi duba inda zai ajiye mota, don tun 2012 da aka kafa KAROTA titunan gari suke da masu sa ido.

Ranar da motar ta kwana a gida Anti ta yi al'adarsu. Ta ɗiga jan abu a goshin motar, ta rataya mata furanni, aka fasa kwakwa a gabanta, aka sa lemon tsami ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin tayoyi huɗu ya taka su a hankali. Mu dai muna daga gefe muna kallo, kowa da nasa. Ta rarraba wa gidajen layi alawar madara irin tasu, mu kuma muka ce Allah ya tsare, Allah ya sa rai aka yi wa. Bayan nan ita ma ta shiga makarantar koyon tuƙi, da yamma su je wajen filin sukuwa tana gwadawa. Ta ce a garinsu 'yan mata da babur suke zuwa kwaleji, don haka titi bai taɓa ba ta tsoro ba.

DAREN DA AKA SAYE TA DOMINSA

Janairun 2023, kun dai tuna yadda gari yake. Ga sanyi da hazo, ga layin mai har ya zagaye unguwa, ga ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira. Oga ya riƙe shawarar Kawu, bai taɓa barin tanki ya sauka ƙasa da rabi ba, ko da zai kwana a layi ko ya saya wajen 'yan bumburutu.

Wajen ƙarfe 2 na dare muka ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Umma ta zari mayafi, muka fita. Anti tana durƙushe tana cije leɓe, shi kuwa yana cikin mota yana murɗa makulli, motar tana ƙyat-ƙyat ta ƙi tashi. Ashe fitilar ciki aka bari a kunne tun magariba, batir ya sauka. Samarin layi suka fito za su tura, Yayana ya ce ku dakata, mai giya da kanta ce, irin wannan ba ta tashi da turi. Allah sarki, na ga babban mutum yana hawaye yana magana da yarensu.

Wani maƙwabcinmu direban tasi, wanda ko gaisawa sosai ba su taɓa yi da Oga ba, shi ya fito da gajeren wando ya kwance batirin motarsa ya rungumo a ƙirji ya kawo. Minti biyar ba a yi ba ta tashi. Hannun Oga yana karkarwa, don haka Yaya ya karɓi tuƙi, Umma ta shiga baya ta rungume Anti tana yi mata sannu. Kafin kiran assalatu aka haifi 'ya mace. Da Umma ta dawo ta ce da mu, "Mota ta yi rana, amma da ba mutane da tana nan a tsaye."

MOTA MA CI TAKE YI

Da yake akanta ne, Oga yana da wani ɗan littafi a aljihun motar, ko iska aka sa wa taya sai ya rubuta. Mai, juyen baƙin mai, faci, birki, sabon batir, sabunta takardu duk shekara, ladan yaron da ke wanke ta. Ya taɓa nuna mini ya ce, "Ƙanwata, kuɗin saye sau ɗaya ake biya, kuɗin riƙo kullum ne."

Maganarsa ta tabbata ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kayan gyara ma suka bi dala suka tashi. In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Ba kunya ba girman kai Oga ya lulluɓe motarsa da tamfol ya koma bas ɗin kamfani, sai ranar asibitin jaririya da cefanen 'Yankaba ake fito da ita. Yana yawan cewa a Delhi tun farkon shekarun 2000 motocin haya suka koma amfani da iskar gas bisa umarnin kotu, mu kuma a 2023 gwamnati ta ƙara ƙaimi wajen tallata wannan hanya.

Da kwantiraginsa ya ƙare ya zo sayarwa, sai wani abin mamaki ya faru. An saye ta da naira fiye da yadda ya saya, har mutanen layi suna taya shi murnar riba. Ya yi dariya ya ce ba riba. Lokacin da ya saya dala tana wajen naira 700 a kasuwar canji, lokacin sayarwa ta haura 1,500, shi kuma kuɗin ƙasarsu zai mayar da su. Da ya buga lissafi sai ga shi ya yi asara. Amma ya ce bai yi nadama ba ko kaɗan, ya nuna 'yarsa da ke tatata a tsakar gida. Direban tasin nan shi ya fara yi wa tayi, da rangwame mai yawa, sai dai ƙarfinsa bai kai ba, don haka ya bar masa sabon batir da jak kyauta.

GARE KU ƘANNENA

Na san a cikinku akwai waɗanda in saurayi ya zo zance a ƙafa ko a kan babur sai a aika yaro ya ce ba ta nan, in kuwa aka ji hon a ƙofar gida har tuntuɓe ake yi wajen neman turare. To ku sani da yawan motocin nan na aro ne, wasu na gareji ne da aka kawo gyara, wasu na maigidansa ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Wanda ma tasa ce, ku tambayi kanku da me yake ciyar da ita, kuma in ya ciyar da ita me zai rage na cefane. Ku yi irin na Kawu, ku bar kallon fenti ku ɗaga safayar taya, wato ku sa iyaye da yayye su binciko sana'arsa da halinsa da abokansa.

Sannan mu ji tsoron Allah game da baƙi. 'Yan uwanmu nawa ne suke tafiya Indiya neman magani ko karatu, su sauka a Delhi ko Bangalore ba su san kowa ba, ba sa jin yare? Yadda muke so a riƙe su a can, haka ya kamata mu riƙe na wasu a nan, kada a ninka wa mutum kuɗi don kawai ba ya jin Hausa. Wadda kuma Allah ya ba dama ta koyi tuƙi in ta cika shekara 18, da izinin iyaye ko na miji, ta koya ta hanyar da ta dace, ta san inda ake duba ruwa da baƙin mai, don rana ɗaya zai yi mata amfani.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko da wasiƙarta ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum, na bar ku lafiya.